Na Shiga Gangare da Hijabin Aro

Tun da na dawo ban ƙara zama a taron zumuntar mata cikin salama ba. Ina ajiye jaka wata za ta matso ta ce, "Maman Bulus, wai da gaske a Gangare kika kwana?" Wasu don su ji labari suke tambaya, wasu kuma don su tabbatar da abin da suka riga suka faɗa a bayan idona, wato kaina ba daidai yake ba. A cocinmu akwai waɗanda suka je Urushalima suka dawo, ba a tsare su da tambayoyi kamar yadda ake tsare ni ba, ni da ko Jos ban fita ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin ƙofar coci, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

A Daɗin Kowa nake zaune. Aure ne ya kawo ni daga ƙauye, kuma na zo ne bayan rikice-rikicen da suka raba garin nan, lokacin da kowa ya riga ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Kasuwa nakan je, asibiti nakan je, har Farin Gada ina zuwa sayen tumatir in za a yi biki. Amma Gangare, tsohuwar unguwar Musulmi da ke tsakiyar gari, daga nesa kawai nake hango rufin gidajenta ta tagar mota. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in shiga. Ba a buƙatar a faɗa.

Mutum ɗaya gare ni a ciki, Mama Rifkatu, ƙanwar mahaifiyata. Tana amarya ta shiga unguwar, mijinta yana aikin jirgin ƙasa. Ya mutu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, kuma lokacin da sauran Kiristoci suka kwashe kayansu suka fita, ita ta ƙi. Ita ce take zuwa wurinmu duk Kirsimeti, da ƙullin masa a hannu. Duk zuwa sai mun roƙe ta ta dawo gidanmu, duk zuwa sai ta yi dariya ta ce mu bar ta da ɗakinta. Da shekaru suka ja kunnenta ya yi nauyi, har ya kai in ana magana da ita sai an ɗaga murya kamar ana kiran mutum a gona.

Wata safiya cikin damina ina wanke-wanke waya ta yi ƙara. Wata mata ce, ta ce sunanta Asabe, gida ɗaya suke da Mama. Ta ce Mama ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, sun kai ta asibiti likita ya duba ya ce su mayar da ita gida su kula da ita. Ko ba a fassara mini ba na san ma'anar wannan.

"Ba abin da take faɗa sai sunanki da addu'a," in ji matar. "Mu muna yi mata tamu, amma taku take so."

Kafin in tambaye ta kwatancen gidan layi ya yanke. Na kira, na sake kira, wayar a kashe.

Maigidana, Baban Bulus, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a jira Fasto. Fasto ya yi tafiya taro. Na kira wani dattijon coci, ya jajanta mini sosai, ya ce ranar Lahadi za a zauna a kafa kwamiti. Na ce masa Mama ba lallai ta kai Lahadi ba. Ya ce zai sa ni a addu'a. Ban ga laifinsa ba, don ni ma a lokacin nan tsoro ya riga ya kama ni, kuma da wani ya ba ni hujja mai kyau ta zama a gida, da hannu biyu zan karɓa. Na shiga ɗaki na durƙusa. Na ce wa Ubangiji Yesu gaskiya: ba na son zuwa, ƙafafuna ma ba sa so, amma tsohuwar nan ta yi shekaru tana kiran sunansa ita kaɗai a unguwar nan, bai kamata ta tafi ba wanda ya kira shi a kanta. Ban ji wata murya daga sama ba. Na dai tashi na fara haɗa kaya.

Maƙwabciyata Maman Gires ce ta kawo dabara. Ita 'yar kasuwa ce, ta san gari ciki da waje, ko dai haka take faɗa. Ta shigo da wani hijabi ruwan toka a leda, wanda ta ce takan sa in za ta shiga saro atamfa.

"Ki sa wannan, ba wanda zai dube ki sau biyu," in ji ta. "Kuma sunanki ma ya taimake ki. Hannatu, ko'ina yana shiga. Kawai kada ki buɗe baki da yawa."

Na karɓa ina godiya. Amma a ƙarƙashinsa na ɗaura zanen zumuntar mata na cocinmu, mai hoton gicciye, da rigarsa da ɗankwalinsa. Ban gaya wa kowa dalili ba, yanzu zan faɗa: na yi tunanin in wani abu ya same ni, a ga zanen a san inda za a kai gawata. Irin tunanin da na fita da shi ke nan. Baban Bulus ya raka ni har bakin titi, da taksi ta tsaya ya ce, "Ki bar wayarki a kunne."

Daga Daɗin Kowa zuwa kasuwar Taminus hanya ce da na sani kamar tsakar gidana. Mun cika taksi, wata mata da kwandon kabeji a cinya, wani ma'aikaci yana ta faɗa da direba a kan gudu. Ni kuwa ledar hijabi na rungume, ina jin kamar kowa ya san abin da ke ciki. A Taminus na shiga bayan wani shago na zura shi. Na zura shi a juye, ɗinkin goshi ya koma ƙeya, sai da wata mai sayar da gyaɗa ta ce, "Hajiya, hijabinki ya juya," ta gyara mini da hannunta. Wannan ne karo na farko da aka kira ni Hajiya, kuma na amsa.

Na tari keke mai ƙafa uku na ce Gangare. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, ya gaishe ni na amsa a taƙaice, don na san Hausata tana da ƙamshin ƙauyenmu. Mun ɗan taɓa tafiya sai ga shingen sojoji, buhunan yashi da ganga a tsakiyar titi. Sojan ko kallonmu bai yi ba, ya ɗaga hannu muka wuce. Ba fasfo, ba tambaya, amma ni na san iyaka ce na ƙetare, don daga nan allunan shaguna suka canza, tufafi suka canza, har warin suyar da ke tashi a bakin hanya ya canza. Muna shiga kwana wayata ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ni da kaina na sa mata waƙar yabo ta coci, mai ganga da tafi, kuma na manta. Jakar tana ƙarƙashin hijabi, hannuna ya rasa hanyar zif, waƙa tana ta tashi. Baban Bulus ne yake son ya ji ko na isa lafiya. Na kashe wayar gaba ɗaya, gumi yana bin bayana. Direba bai waiwayo ba. Da ya sauke ni sai ya ce, "Allah ya ba da sa'ar abin da aka zo nema," ya ja kekensa.

Lungunan Gangare ba a yi su don baƙo ba. Ka shiga wannan ya haifi biyu, ka bi ɗaya ya kai ka bakin kwata. Ruwan sama ya sauka da safe, ko'ina taɓo, ga mutane kamar ranar kasuwa. A Daɗin Kowa in kana neman gida sai ka yi ta buga get kare yana maka haushi, kafin wani ya leƙo. A nan kuwa mutanen tambaya sun yi yawa, sai dai tsoron tambayar.

Na fara da wani mai shago. Na yi sallama yadda na ji ana yi, na ce ina neman gidan wata tsohuwa, Mama Rifkatu, Kirista ce. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce bai san ta ba. Na matsa gaba na sami mata suna layin ruwa a famfo. Ina ambaton sunan hirarsu ta tsaya. Wata ta ce, "Kirista a nan? Ai sun daɗe da tashi." Wata kuma ta nuna mini wani lungu ta ce in gwada can. Na bi lungun, ya zagaya da ni ya fitar da ni bakin titin da na sauka. Na koma ciki. Mai wanki bai san ta ba, mai niƙa bai san ta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda suke amsawa da sauri, kamar amsar tana ajiye. Sai zuciyata ta fara saƙa mini abubuwa: ko ta mutu sun binne ta, ko an yi mata wani abu ana ɓoyewa, ko kuma kiran wayar nan tarko ne.

Rana ta take, ƙafafuna sun yi nauyi da taɓo. Na iso ƙofar wani gida mai zaure, wani tsoho yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi tambayata.

"Daga ina kike, baiwar Allah?" ya ce.

"Daga nan cikin gari, Baba."

"Me za ki yi mata?"

"Gaisuwa kawai."

Ya ɗan ja carbinsa ya ce, "Babu mai wannan suna a unguwar nan."

Na miƙe zan tafi, amma ban san inda zan nufa ba. Na tsaya a gefen zauren ina jin hawaye yana zuwa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, tun safe ƙarya nake yi. Na zo ne in kira sunan Yesu a kan mara lafiya, ga ni ina yawo ina ɓoye shi kamar kayan sata. In ma mutuwa zan yi a lungun nan, gara in mutu a matsayin wadda nake. Ba jarumta ba ce, don tsoron bai sake ni ba. Na dai cire shi, na tsaya a gaban tsohon da zanen zumunta, gicciye a fili, mutane suna wucewa.

"Baba, ni Kirista ce. Sunana Hannatu, daga Daɗin Kowa. 'Yar yayarta ce ni. An ce ba ta da lafiya."

Tsohon ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ajiye carbi ya dafa bango ya tashi.

"Haba 'yata. Da haka kika zo tun farko, ai da mai shagon bakin titi ya kawo ki da kansa. Shigo, tana ciki."

Ashe a ƙofar gidan nake tsaye. Shi ne Alhaji Garba, mai gidan, kuma mijin Hajiya Asabe da ta kira ni. Muna ratsa zaure yake ba ni labari. Ya ce a lokacin tashin hankali wasu samari daga wata unguwa sun zo suna tambayar inda tsohuwar Kirista take, aka ce musu babu. Tun daga ranar ya zama dokar unguwa, ba a rubuta ba amma kowa ya sani: duk baƙon fuskar da ya tambaye ta, babu ita. Yau kuma ga wata mata da ba wanda ya sani, cikin hijabi, tana bi shago-shago tana neman Kirista. Ya ce tun kafin in iso ƙofarsa labarina ya riga ni. Don murna na miƙa masa hannu mu gaisa, kamar yadda muke yi da dattawan coci. Ya sa nasa hannun a ƙirji ya yi murmushi, na janye nawa na rasa inda zan kai shi.

Hajiya Asabe ta tare ni a tsakar gida, mace mai jiki da saurin magana. Ta ce wayarta ce ta mutu, kwana da kwanaki ba wuta. Ta ja ni zuwa wani ɗaki a ƙarshen gida.

Mama tana kwance a kan gadon ƙarfe, ta rame, bakinta ya karkace gefe. An yi mata wanka, an shafa mata mai, an gyara mata kitso. Gicciyen katako yana nan rataye a bango, ba wanda ya sauke shi. Na durƙusa na kama hannunta mai motsi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Hannatu." Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

A ɗakin nan na sauka, Hajiya ta shimfiɗa mini katifa a ƙasa. Ɗakin yana da taga ɗaya ƙarama da ke fuskantar lungu, kuma daidai ƙarƙashinta mai shayi yake da tebur, inda samari ke zama tun safe. Duk abin da suka faɗa ina ji. Ban daɗe ba na gane cewa duk abin da na faɗa su ma za su ji.

Zaman gidan ya ba ni mamaki ta hanyoyi da yawa. Mu a unguwarmu in za ka je dubiya sai ka kira waya tukuna. A nan labule kawai ake ɗagawa. Mata suna shigowa da sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwano a rufe: koko da ƙosai da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe, fura, har da wadda ta kawo farfesu ta ce a gwada ba Mama romon. Matar da ta tura ni lungun banza a bakin famfo ita ma ta zo, ta gan ni ta rufe baki tana dariya, ta ce in yafe mata. Maza kuwa iyakarsu zaure, daga can suke aiko gaisuwa. Na yi tunanin ko da kwamitinmu ya zo, a zauren zai tsaya. Ni ma na yi nawa shirmen. Na ga wata shimfiɗa mai laushi a inuwa na ɗauka ta baƙi ce, na zauna a kai da takalmina na fara yankan alayyafo. Dardumar sallar Hajiya ce. Sai da na tashi ta ɗauke ta ta wanke, ta kawo mini kujera 'yar tsugunno. Da asuba lasifikoki suka tashi daga kowane ɓangare, na zabura zaune, sai na tuna yadda lasifikar cocin bayan gidanmu take hana mu barci duk ƙarshen wata, na koma na kwanta.

Na kunna waya na gaya wa Baban Bulus ina lafiya. Ya ce in ɗauko Mama mu taho. Na ce ba ta ɗaukuwa. Na dafa mata gwate irin na gida, da acca da ganye, na ba ta a cokali. Kaɗan ta haɗiya. Sauran matan gidan suka cinye, suna cewa ashe haka muke cin daɗi muna ɓoyewa.

Amma abin da ya kawo ni ban yi shi ba. Kullum nakan durƙusa a bakin gadon in yi addu'a, sai dai a hankali, can ƙasan maƙoshi, ido ɗaya a kan taga. In na zo wurin ambaton sunan Yesu sai muryar ta ƙara yin ƙasa. Ina gaya wa kaina cewa Allah ba kurma ba ne, kuma gaskiya ne. Amma Mama kusan kurma ce. Takan zuba wa bakina ido har in gama, sannan ta ce, "Ban ji ba." Na gwada sa bakina a kunnenta, ta girgiza kai. Ba don kaina kaɗai nake tsoro ba. Mutanen gidan nan sun yi shekaru suna cewa babu Kirista a nan, ni kuma in zo in buɗe murya in ƙaryata su a gaban duk mai wucewa? Akwai wani saurayi a teburin mai shayi da ya bi ni da kallo ranar da na fita zubar da ruwa, kallon da ban iya fassarawa ba, kuma ya tsaya mini a rai. Haka kwanaki suka wuce, Mama tana ƙara yin nisa, ni ina raɗa.

Ranar Juma'a da hantsi numfashinta ya canza. Na taɓa zama da masu mutuwa, na san wannan numfashin. Na kira Hajiya, ta zo ta zauna a ɗaya gefen gadon ta riƙe hannun Mama mai motsi. Kafin azahar lungu ya cika da maza masu tafiya masallaci, ina jin takunsu da gaishe-gaishensu a ƙarƙashin taga, ƙamshin turare yana shigowa. A duk mako ba lokacin da ya fi wannan yawan kunnuwa. A lokacin ne Mama ta buɗe ido ta nemi fuskata.

"Waƙa," ta ce. Ta huta, ta tattara ƙarfinta. "Da ƙarfi."

Na dubi Hajiya. Ita ma ni take kallo, ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Na dubi taga. Na ce a zuciyata, Ubangiji, kai ka kawo ni, in ka bar ni yanzu ba ni da murya. Sai na ɗauki wata tsohuwar waƙa da mahaifiyata da Mama suke yi tun suna 'yan mata, wadda ake rufe sujada da ita a ƙauye. Layin farko ya fito kamar kukan akuya. Na tsaya, na ja numfashi, na sake ɗauka da irin muryar da nake ja wa zumunta waƙa a filin taro.

Surutun lungu ya ragu, sannan ya ɗauke. Na ji an tsaya a ƙarƙashin taga. Na ji wata murya mai kauri daga wajen zaure tana cewa, "Wai me ke faruwa a gidan nan?" Ban daina ba, don na san in na daina ba zan iya sake farawa ba. Sai na ji muryar Alhaji Garba, bai ɗaga ta ba.

"Mama ce take tafiya. 'Yarta ke yi mata sallama. Ku wuce a hankali."

Ban san me aka yi a waje bayan wannan ba, don na rufe ido. Na rera waƙar har ƙarshe, na shiga addu'a, na kira sunan Yesu da ƙarfi yadda ko mai niƙa zai ji, na miƙa masa baiwarsa Rifkatu. Da na ce amin na buɗe ido, ta riga ta tafi. Hajiya tana salati a hankali, tana shafa mata fuska.

Ba wanda ya jefo dutse, ba wanda ya buga ƙofa. Ba zan ce muku kowa a lungun ya ji daɗi ba, don ban sani ba. Na kira Baban Bulus. Motar coci ta zo amma direba ya ce iyakarsa shingen sojoji, ba zai ƙara taku ba. Bayan an sauko daga masallaci mazan gidan suka ɗauko Mama a kan katifarta, a lulluɓe da zanenta, suka ratsa lungu da ita. A hanya muka ci karo da maigidana, ya baro motar ya shigo da ƙafa, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana ta gaishe da kowa har da waɗanda ba su kula shi ba. Ya sa hannu ya kama gefen katifar. Mun kai ta ƙauye, an binne ta kusa da mijinta, da waƙoƙi da komai.

Masu tambayata ko na ji tsoro, na ji, tun daga fita har dawowa, kuma ko yanzu in na tuna muryar nan ta bakin zaure tsoron yakan dawo mini. Amma ba shi ne ya fi damuna a ranar ba. Abin da ya dame ni shi ne idona a rufe yake, ban san lokacin da ta cika ba. Wataƙila tun layin farko ta tafi, na yi ta rera wa gawa. Wataƙila na makara, bayan duk kwanakin da na ɓata ina raɗa.

Da maza suka fita da ita, Hajiya Asabe ta rako ni har bakin zaure, inda nan ne iyakarta. Na kasa riƙe abin a ciki, na tambaye ta ko tana ganin Mama ta ji.

Ta kama hannuna ta juya shi, ta sa babban yatsanta a tafin hannuna ta fara dannawa, tana sakewa, tana dannawa, daidai da kiɗan waƙar da ba ta san kalmominta ba.

"Haka take yi mini," in ji ta. "Tun daga inda kika sake ɗauka har kika gama. Sai da kika ce amin ta saki."